Ranar da na gasa surukina a cikin mota

Motata ƙarama ce 'yar Beljiyam, kuma ta daɗe da wata ɗabi'a da na kasa gane kanta. Muddin ina gudu a kan titin Zariya, allurar zafi tana zaune a tsakiya kamar ɗalibi mai ladabi, amma da zarar na shiga cunkoson cikin gari sai ta fara hawa sannu a hankali tana neman jan layi. Da na yi tambaya, da yaron kowane gareji ya gaya mini cewa wannan alamar fanka ce, domin a lokacin gudu iskar hanya ce ke ratsa lagireto ta sanyaya ruwa, a tsaye kuwa babu mai wannan aiki sai fanka. Ni kuwa na ɗauka ƙishirwa ce ke damunta, sai na ajiye jarka a but ina yi mata ɗura kowace safiya.

Wata Asabar a cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, surukina ya aiko cewa in kai shi ɗaurin aure da ƙarfe 2 na rana. Ya fito cikin babbar rigar shadda da ta sha sitaci, da rawani, da sandarsa, na buɗe masa gaba ina sunkuyar da kai. Mun zo wajen Ƙofar Nasarawa muka tarar hanya ta cushe, allura kuma ta kama hawanta. Na saci kallonta, na saci kallonsa, na rasa wanda zan fi jin tsoro.

A nan ne na tuna da wata dabara da na taɓa ji, cewa idan inji ya ɗauki zafi a kunna hita a ƙure ta, saboda ruwan injin ne yake bi ta cikinta, sai ta janye wani ɓangare na zafin. Dabarar gaskiya ce, sai dai wanda ya ba ni ita bai faɗa mini inda zafin yake komawa ba. Cikin minti 5 sitacin shadda ya saki, gumi ya fara ɗiga daga ƙarƙashin rawani, dattijo kuma bai ce uffan ba sai jan carbi da ya ƙara wa sauri. Da abin ya kai maƙura ya ce, "Malam, yau garin da ɗan ɗumi." Na ce, "Wallahi kuwa, Baba, bana sai addu'a."

Da tururi ya fara leƙowa ta gefen bonet, dole na gangara gefe na kashe mota. Na kai hannu zan kwance murfin lagireto, sai na ji sanda ta dafe mini hannu. Baba ya ce in bari ya huce, domin ruwan da ke ciki ya wuce tafasa, murfin ne kawai ya danne shi, kuma wanda ya buɗe shi a haka fuskarsa ce za ta biya. Na yi mamaki, amma na ɗauka irin hikimar manya ce kawai.

Don in dawo da ɗan mutuncina, sai na shiga bincike kamar gwani. Na buɗe akwatin fiyus na zaro na fanka na ɗaga shi a rana, siririyar wayar cikinsa lafiya lau. Na cire rile ɗin fanka, wato ɗan makunnin da ke sakar mata wuta, na musanya shi da na hon, tun da iri ɗaya ne, na tayar da mota na kunna esi, wanda ya kamata ya tilasta wa fanka juyawa ko da inji bai yi zafi ba. Ko motsi ba ta yi ba. Na girgiza soket, na hura shi, na fara yi wa Baba dogon bayani a kan sensa da ƙwaƙwalwar mota, kalmomin da ni kaina ban san inda suka dosa ba.

Ya saurare ni har na gama. Sa'an nan ya ce in janye yatsuna daga wurin, ya tattare hannun riga, ya zura sanda ya ƙwanƙwasa bayan ɗan injin da ke juya fankar sau biyu. Nan take ta ɗauka da ƙara kamar ba ita ba. Ya ce gawayin cikinta, wanda ke kai mata wuta, shi ne ya cinye, shi ya sa ba ya taɓa inda ya kamata sai an girgiza shi, kuma haka suke yi wa sitata a zamanin da yake yaron mota a hanyar Legas, tun kafin ya shiga kasuwanci. Ashe tun daga ƙofar gida yake kallon allurar, kunyar suruki ce ta hana shi magana, har da lokacin da nake gasa shi.

Mun iske an shafa fatiha, ana rabon goro. Da aka tashi ya ce kada in wahalar da kaina, ya tari adaidaita sahu.

Washegari mai wayarin ya haɗa fankar kai tsaye da batir ya tabbatar da maganar Baba, na je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa na sayo wata. Ya so ya mayar mini da ita dairet, wato ta riƙa juyawa tun daga kunna makulli, na ƙi, domin na ƙoshi da dabaru. Da yamma sai ga ƙanen matata da wata tsohuwar sanda, ya ce Baba yana gaishe ni, ya ce in ajiye ta a mota kusa da jarka.