Olsa aka ce, ashe sankara ce

Jiya a majalisa aka kawo zancen wata 'yar'uwarmu likita da ke digirin digirgir a kan yadda za a riƙa gano sankarar fankiriyas, wata gaɓa da ke bayan tumbi, da wuri tun a ƙananan asibitoci. Wani dattijo ya ce ɓata lokaci ne, wai mu da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa ke kashewa, ina ruwanmu da ciwon Turawa. Ban tanka ba don sa'an mahaifina ne, amma da maganar na kwana.

Kawuna, Allah Ya jiƙansa, yana da shekara 62 aka ce ya kamu da ciwon suga, alhali babu mai shi a zuri'armu. Ya shiga rama, wando na zamewa, ciwon ciki na zagayawa har gadon baya. Wata bakwai muna zarya tsakanin kemis da ƙaramin asibitin garinmu, yau a ce olsa, gobe a ce taifod. Da idonsa ya yi rawaya, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, jiki na ƙaiƙayi, sai gida aka ce shawara ce, aka jiƙo saiwoyi. Ranar da muka kawo shi Sakkwato aka ɗauki hoton CT, likita ya ja ni gefe ya ce, "Malam, sai haƙuri, ciwon ya riga ya kai hanta." Sati shida ya ƙara a duniya.

Ban ga laifin ma'aikacin da ya fara duba shi ba. Fankiriyas tana kwance can bayan tumbi, ita ke samar da insulin mai daidaita sugan jini da kuma ruwan narkar da abinci. Hannu ba ya kai mata, ko sikanin ciki aka yi iskar hanji kan tare ta. Shi ya sa har a Amurka da Ingila, kusan takwas cikin goma na masu wannan sankara ana gano su ne bayan lokacin da tiyata za ta yiwu ya wuce, waɗanda ke kai shekara 5 da rai bayan gano ciwon kuwa ba su wuce ɗaya da 'yan kai cikin goma ba. Alhali tiyatar cire ƙarin, wadda likita Allen Whipple ya bayyana tun 1935, ita ce babbar damar warkewa, kuma sai ciwon bai bazu ba take yiwuwa.

A 2015 Ingila ta ba likitocin unguwa ƙa'ida: mai shekara 40 zuwa sama da ya zo da shawara, a tura shi ga ƙwararru cikin sati biyu. Mai shekara 60 da ke rama tare da ciwon baya ko ciwon ciki ko sabon ciwon suga, a yi masa CT da gaggawa. Kawuna ya cika kusan duka. Da takarda irin wannan na manne a bangon asibitinmu, da wata na biyu aka turo shi.

Sai dai ba za mu kwafo tasu yadda take ba, kuma nan ne amfanin binciken yarinyar nan. A wurinmu ido kan yi rawaya saboda ciwon hanta ko sikila ko zazzaɓi, rama kuma tarin fuka ake fara zato. Mutumin Illela ko Gada ba zai sayar da ragonsa ya biya mota da kuɗin hoto a kan zato kawai ba. To wane tsoho ne cikin masu "olsa" ashirin da ke layi ya kamata a ce masa lallai ya tafi birni a satin nan? Wannan tambaya sai wanda ya zauna a asibitocinmu ya ƙirga zai amsa ta.

Na kira ta da safen nan. Katunan asibitin kawu da takardun gwajinsa suna nan cikin leda a gidan Inna, na ce in suna da amfani ta aiko a karɓa.