Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: wa ya dace a hukunta kan kutsen kwamfuta?

A hutun ƙaramar sallar da ta wuce, ɗan yayata da ke aji biyu a wata babbar makaranta ya same ni a gida a Tudun Wada da ke Kaduna da wata magana da ta hana shi sukuni. Ya shiga shafin makarantarsu don duba sakamakon jarrabawa, sai ya lura adireshin da ke saman shafin ya ƙare da wata lamba. Da ya mayar da bakwai ɗin ƙarshe ta koma takwas, sai ga takardar wata ɗaliba da bai taɓa sani ba ta buɗe a gabansa, da sunanta da hotonta da lambar wayarta, har da kwatancen gidansu. "Kawu, wallahi ban fasa komai ba, ƙofar ce a buɗe," in ji shi. "Amma in na je na faɗa, cewa za a yi ni ne ɗan kutse, a miƙa ni ga kwamitin ladabtarwa." Na so in ce masa tsoronsa ba shi da tushe, sai dai na san yana da shi.

Abin da nake gani shi ne muna auna laifin kutse da ma'aunin da bai dace ba. Muna duban cewa mutum ya shiga inda ba a ba shi izini ba, mu bar tambayar abin da ya kai shi da irin ɓarnar da ya yi, sannan mu kau da kai gaba ɗaya daga wanda aka ba wa amanar bayanan jama'a ya bar su a tsakar gida.

Dokar laifukan intanet ta Najeriya, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015 kuma aka yi mata gyara a 2024, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko tarar naira miliyan 5 ga wanda ya kutsa cikin kwamfuta ba da izini ba, kuma hukuncin yana iya kai shekara 7 idan da nufin kwasar bayanai ko sirrin kasuwanci aka shiga. A rubuce dokar ta ambaci niyya, amma ba ta shimfiɗa wata fayyatacciyar hanya ba ga wanda ya ga ɓaraka yana son ya kai rahoto ba tare da ya kwana a ofishin 'yan sanda ba. Wanda kuma ya ga yadda aka riƙa amfani da sashe na 24 na wannan doka, wanda ya shafi saƙonnin cin zarafi ta intanet, wajen kama 'yan jarida, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa sashen ya tauye 'yancin faɗar albarkacin baki, ba zai yi mamakin ɗalibin da ya gwammace ya ja bakinsa ya yi shiru ba.

Amurka ta riga mu faɗawa wannan rami, kuma tarihinta ya nuna fuska biyu. A 1988 wani ɗalibin jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta wadda ta durƙusar da dubban kwamfutoci. Kotu ta same shi da laifi, ta ci shi tarar kusan dala 10,000 da aikin al'umma na awa 400 da shekara 3 ƙarƙashin sa ido, ba ta ɗaure shi ba. Daga baya ya zama farfesa a jami'ar MIT. A wannan jami'a ɗin ce Aaron Swartz ya sauke miliyoyin maƙalun ilimi daga rumbun JSTOR, masu gabatar da ƙara suka jera masa tuhuma 13 da barazanar ɗaurin shekaru gommai, duk da cewa masu rumbun sun karɓi kayansu kuma ba su nemi a ci gaba da shari'ar ba. Ya kashe kansa a Janairun 2013 yana da shekara 26. Sai a 2022 ma'aikatar shari'ar ƙasar ta sanar cewa ba za ta ƙara gurfanar da masu binciken tsaro da kyakkyawar niyya ba.

Kada a ɗauka ina nema wa 'yan damfara sassauci. Wanda ya kira tsohuwa a Kawo ya ce daga banki yake, ya karɓi lambobin katinta ya kwashe kuɗin fanshonta, ɓarawo ne tsantsa, kuma ɗaurin sama da shekara 11 da wata kotun Amurka ta yi wa Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, a 2022 bai ba ni tausayi ko kaɗan ba. Abin da nake cewa shi ne tsakanin wannan da yaron da ya sauya lamba ɗaya a adireshi akwai tazara mai nisa, kuma hukumar da ta kasa rarrabe su za ta yi asara sau biyu, domin ɓarawon ba zai daina ba, mai gaskiyar kuma zai daina magana.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan. Haddin sata ba ya hawa kan mutum sai idan dukiyar ta kai nisabi kuma an ɗauke ta daga hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba adana irinta. Idan sharaɗin bai cika ba, sai alƙali ya koma ga ta'aziri gwargwadon abin da ya gani. Ma'ana shari'a tana tambayar mai kaya inda ya ajiye kayansa. To, ina ne hirzin bayananmu? Duk wanda ya taɓa kai filashi shagon buga takardu a Kasuwar Sheikh Gumi ko kan titin Ahmadu Bello ya san yadda take dawowa, cutar kwamfuta ta sa takardu sun ɓace an bar masa inuwarsu kawai. Yawancin kwamfutocin nan suna aiki ne da Windows na sata da wani yaro ya ɗora kan 'yan kuɗi kaɗan, an kuma kashe mata sabuntawa don kada kamfani ya gane ko data ta ƙare. Mai shago ana iya yi masa uzuri. Wanda ba shi da uzuri shi ne ofishin da na shiga da kaina na tarar da kalmar sirri rubuce a 'yar takarda an manna a gefen allon kwamfuta, kuma ma'aikata huɗu da ita suke shiga.

Harin WannaCry, wata muguwar manhaja mai kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa, a Mayun 2017 ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya, alhali Microsoft ta fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris, ba a dai ɗora shi ba ne. Muna da dokar kare bayanan jama'a ta 2023 da hukumar da ke kula da ita, kuma a ganina wannan doka ce ya kamata ta fara tsayawa a ƙofar shugaban makarantar da ya bar takardun 'ya'yan mutane a buɗe, kafin a fara neman ɗalibin da ya leƙa.

A nan ne maganar buɗaɗɗiyar manhaja ta shigo, wato wadda aka bar rubutun cikinta a fili kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba kyauta. Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ta kuma janye kulawar yau da kullum daga Windows 10 a Oktoban 2025, ga shi yawancin tsofaffin kwamfutocin da ake shigo mana da su ba su cika sharuɗan Windows 11 ba. Linux kuwa, buɗaɗɗen tsarin tafiyar da kwamfuta mai yin aikin da Windows ke yi, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, yana da nau'o'in da ke tafiya lafiya lau a kan tsofaffin injuna, facinsa na zuwa ba ko kwabo, kuma babu dalilin ɓuya daga kowa. Ba baƙo ba ne a gare mu, domin a kansa aka gina Android da ke cikin aljihunmu, kuma shi ke tafiyar da manyan kwamfutoci 500 mafi ƙarfi a duniya. Jandarmomin Faransa sun daɗe da komawa kansa, jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ma ta ɗauki hanyar sauya kwamfutocin ma'aikatanta kusan 30,000.

Buɗaɗɗiyar manhaja ba laya ba ce, kuma masu tallata ta kamar laya suna ɓata mata suna. Ɓarakar Heartbleed ta yi kusan shekara biyu cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja kafin a gano ta a 2014. Shafin makarantar ɗan yayata ma zai yiwu a kan Linux yake zaune, domin kuskuren na wanda ya rubuta shafin ne. Mai zanen katin biki da ya saba da CorelDraw, ko sakataren da firintarsa ta ƙi aiki, ba za su karɓi sauyin da dariya ba, sai an kashe kuɗin horarwa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɗabi'ar da ke tare da ita. A Maris ɗin 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya gano ƙofar baya da wani ya ɗauki shekaru yana dasawa cikin wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna xz. Ya wallafa abin da ya gani, duniya ta gode masa, aka toshe kafin ta bazu. Son bin ƙwaƙƙwafi irin nasa ne ya sa yaron nan sauya lamba, kuma ɗaliban jami'ar jihar Kaduna (KASU) da kwalejin KADPOLY da ABU masu irin wannan hali suna buƙatar filin da za su tona cikin manhaja da izini.

Abin da za a fara da shi ba ya cin kasafi. Kowace makaranta da ma'aikata a jihar nan ta sa adireshin kai rahoton ɓaraka a shafinta, tare da alkawari a rubuce cewa wanda ya faɗa cikin gaggawa, bai kwashi komai ba, bai yaɗa ba, ba za a kai shi ƙara ba. Ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta gayyaci masu kutse su gwada shafukanta a 2016, ta kuma biya waɗanda suka gano ɓaraka. Ya kamata kuma majalisar tarayyar Najeriya ta sa wannan kariya cikin doka, ta bai wa alƙali damar tura matashin da ya yi laifin farko ba tare da cutar da kowa ba zuwa aikin al'umma da horo maimakon gidan yari.

Ni da ɗan yayata wasiƙa muka rubuta ba suna, muka aika wa makarantar daga wani sabon imel. Ba a ba mu amsa ba. Da na tambaye shi kwanan baya ko an gyara, sai ya ce, "Kawu, na farko kuskure ne, in na sake gwadawa yanzu, da gangan ke nan."