Wanda ya fi cin wasa a kaka ba lallai ya ɗauki Super Bowl ba

Da watan Janairu ya kama, aka shiga wasannin fitar da gwani na gasar NFL ta ƙwallon Amurka, sai ka ji masu hasashe suna cewa ƙungiyar da ta fi cin wasanni a kaka ita ce za ta ɗauki kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar. Maganar nan tana damuna, ko da yake ba ta rasa tushe ba: ƙungiyar da ta zo ta ɗaya a ɓangarenta tana samun hutun mako guda, kuma a filinta take karɓar baƙi.

Sai dai tsarin sili ɗaya ƙwale ne. Ƙungiyoyi 14 ke shiga, bakwai daga kowanne cikin ɓangarorin gasar biyu, AFC da NFC, kuma duk wadda aka doke sau ɗaya ta tattara nata ya nata. Babu gida da waje balle a gyara kuskure. Ƙwallo biyu da aka ƙwace, ko raunin mai jefa ƙwallo, sun isa su rushe aikin wata huɗu.

A kakar 2007, New England Patriots ta ci duk wasanninta 16. New York Giants kuwa ta ci 10, ta sha kashi a 6. Da suka haɗu a wasan Super Bowl a Arizona a Fabrairun 2008, masu tsaron Giants sun kayar da Tom Brady, mai jefa ƙwallo na Patriots, sau biyar, David Tyree na Giants ya manne ƙwallo a kan hular kwanonsa ana dab da tashi, aka ƙare 17 da 14, Giants ta ɗauki kofin.