Gudan jinin da majinyaci ke samu a kan gadon asibiti

Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin kwantar da manya, kuma akwai wata dattijuwa da har yau nake tunawa da ita duk lokacin da na buɗe fayil ɗin sabon majinyaci. An kwantar da ita ne saboda ciwon huhu, shekarunta sun haura saba'in, kuma zuwa kwana na shida zazzaɓi ya sauka har an fara maganar sallama. Da safiyar ranar ta yunƙura za ta shiga banɗaki, sai numfashinta ya sarƙe, ta dafe ƙirji, gumi ya keto mata. Muna ƙoƙarin sa mata iskar oksijin sai 'yarta ta ce da ni: "Sista, tun shekaranjiya Mama take cewa ƙafarta ta hagu ta yi mata nauyi, na ɗauka gajiyar kwanciya ce, na yi ta yi mata tausa." Na yaye zanen na duba, sai na ga sha-raɓar hagu ta fi ta dama kauri, ga zafi idan an taɓa. Hoto ya nuna gudan jini a jijiyar huhu. Allah ya yi da sauran kwananta, ta warke, amma da na koma kan fayil ɗinta sai na tarar shafin auna haɗarin daskarewar jini babu ko ɗigon biro, kuma ni ma ina cikin waɗanda suka buɗe fayil ɗin suka rufe har tsawon kwana shida.

Ra'ayina shi ne, duk wanda aka ba gado a asibiti, ko da wace cuta ya zo, ya kamata a auna haɗarin daskarewar jininsa tun ranar farko, a rubuta sakamakon, kamar yadda ba a taɓa mantawa da gwada hawan jini da zafin jiki.

Dalilin yana cikin yadda jini ke komawa zuciya daga ƙafa. Tsokar sha-raɓa ce ke matsa jijiyoyin da ke can ciki duk lokacin da mutum ya taka, sai jinin ya haura sama. Idan mutum ya kwanta kwana da kwanaki, wannan matsi ya tsaya, jinin sai ya riƙa tafiyar hawainiya. Ana danganta bayanin wannan matsala da Rudolf Virchow, likitan Jamus na ƙarni na 19, kuma abubuwa uku da ake koyarwa da sunansa su ne jinkirin gudun jini, rauni a bangon jijiya, da sauyin da ke sa jinin kansa ya yi saurin daskarewa. Majinyacin da ke kwance sau da yawa ya haɗa duka ukun: ba ya motsi, an yi masa tiyata ko an sa masa bututu a jijiya, sannan ciwon daji ko ƙwayar cuta ko ƙarancin ruwa a jiki sun sauya yanayin jininsa. Idan gudan ya ɓalle daga ƙafa, jijiya za ta kai shi zuciya, zuciya ta tura shi huhu, inda zai iya toshe hanya cikin daƙiƙu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, da yawa daga cikin waɗannan gudaje ba sa kumbura ƙafa ko kaɗan, saboda haka jiran alama ba dabara ba ce.

Awon kansa bai kai aikin minti biyar ba. Akwai ma'aunin da aka wallafa a 2010 daga birnin Padua na ƙasar Italiya domin majinyatan da ba na tiyata ba: ciwon daji maki 3, taɓa samun gudan jini a baya maki 3, rashin iya tashi daga gado maki 3, tiyata ko mummunan rauni cikin wata guda maki 2, sai shekara 70 zuwa sama, ƙiba mai yawa, gazawar zuciya ko ta numfashi, da kamuwa da ƙwayar cuta mai tsanani, kowanne maki 1. Wanda ya kai maki 4 yana cikin babban haɗari. Dattijuwarmu, da an zauna an lissafa, maki 5 gare ta tun daren da ta shigo. Masu tiyata kuma suna da nasu ma'aunin mai suna Caprini, wanda ya fi wannan yawan tambayoyi.

Wannan sakaci bai tsaya ga asibiti ɗaya ko ƙasa ɗaya ba. Wani babban bincike da aka fitar a 2008, wanda ya duba majinyata sama da 68,000 a ƙasashe 32, ya gano cewa sama da rabinsu suna cikin haɗari, amma cikin masu haɗarin da ba na tiyata ba, kimanin huɗu ne kacal cikin goma suka samu rigakafin da ya dace. A Ingila, tun 2010 aka wajabta wa asibitocin gwamnati yin wannan awo ga kowane baligi da aka kwantar, kuma ƙa'idarsu ta ce wanda ke buƙatar allurar rigakafin daskarewar jini a fara masa cikin awa 14 da shigowarsa. Ina ganin hikimar wannan tsari ita ce, ya ɗauke abin daga ƙwaƙwalwar likitan da ya kwana bai runtsa ba ya mayar da shi kan takarda.

Sai dai ba na goyon bayan masu cewa a riƙa yi wa kowa allura kawai a huta. Maganin tsinka jini yana da nasa haɗarin, kuma awon yana da ɓangare na biyu wanda mutane ke tsallakewa: shin wannan majinyaci yana iya zubar da jini? Mai gyambon ciki da ke tsiyaya, wanda jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, mai ciwon hanta da ya yi nisa, wanda ƙwayoyin falatilet ɗinsa, wato ƙwayoyin jinin da ke taimakawa wajen tsayar da zubar jini, suka yi ƙasa ƙwarai, da wanda za a yi wa allurar ƙashin baya nan da 'yan awoyi, duk waɗannan sai an dakata an yi shawara. Ga wanda ya cancanta, allurar tsinka jinin da aka fi bayarwa ita ce inoksafarin miligiram 40 sau ɗaya a rana a ƙarƙashin fatar ciki, ko hefarin na asali yunit 5,000 sau biyu ko uku a rana. Idan ƙoda ta yi rauni sosai, ana rage adadin inoksafarin ko a koma ga hefarin, domin ta ƙoda inoksafarin yake fita daga jiki. Akwai kuma wata matsala da ba ta cika faruwa ba, inda hefarin ke sa falatilet su faɗi tsakanin kwana na 5 zuwa na 10, shi ya sa ake maimaita gwajin jini. Wanda ba za a iya ba magani ba, ana ɗaura masa wata na'ura mai hura iska da ke matsa ƙafa tana saki. Safar matsi ma tana da amfani ga wasu, amma ga masu shanyewar ɓarin jiki bincike ya nuna ba ta hana gudan jini, sai dai ta ci fata.

Haka kuma awon ba na rana ɗaya ba ne. Wanda ya shigo da ƙafarsa ranar Litinin yana iya zama kwance ranar Alhamis, wanda aka hana wa allura saboda zubar jini kuma yana iya cancanta bayan jinin ya tsaya.

Masu jinya, wato 'yan uwan da ke zama da majinyaci, su ma suna da rawar takawa, kuma su ne na fi so su karanta wannan rubutu. Allurar tana da ɗan raɗaɗi, tana barin tabo baƙi-baƙi a gefen cibiya, kuma na sha jin majinyaci ya ce: "'Yata, yau a bar ni da wannan ta cikin, ai ba ita ce ta ciwona ba." Gaskiya ne ba ta ciwon da ya kawo shi ba ce, shi ya sa aikinmu ne mu zauna mu yi masa bayani maimakon mu rubuta cewa ya ƙi mu wuce. Ɗan uwan majinyaci yana da damar ya tambayi likita cikin ladabi ko an duba haɗarin gudan jini, kuma idan ba a ba da magani ba, mene ne dalili. Ya taimaka wa majinyaci ya tashi zaune, ya taka idan an yarje masa, ya riƙa lanƙwasa idon sawu yana miƙewa a kan gado, ya sha ruwa idan ba a hana shi ba. Ƙafar da ta kumbura ita kaɗai kuwa, a kira ma'aikaci nan take, kada a tausa ta.

Haɗarin ba ya ƙarewa a ƙofar asibiti, domin gudan da ya bayyana cikin kwana 90 bayan sallama ana lissafa shi ne cikin waɗanda kwanciyar asibiti ta jawo. Bayan sauya ƙashin kwatangwalo ko babbar tiyatar ciwon daji a ciki, ana ci gaba da rigakafi har kimanin mako huɗu a gida, mace mai jego kuma haɗarinta yana sama har mako shida bayan haihuwa. Tun bayan abin da ya faru da dattijuwar nan, ba na miƙa takardar sallama sai na sa mai jinya ya maimaita mini alamomin da bakinsa: kumburi ko ciwo a ƙafa ɗaya, sarƙewar numfashi ba zato, ciwon ƙirji da ke ƙaruwa idan an ja numfashi, da tarin jini.