Wasan Kwaikwayo Ba Baƙo Ba Ne

Ɗalibai da yawa sun ɗauka Turawa ne suka kawo mana wasan kwaikwayo, tare da boko. Ba haka ba ne. Dubi tashe: da azumi ya kwana goma, yaro zai manna gemun auduga, ya ɗauki sanda, ya ranƙwafa yana tafiyar tsoho, abokansa suna amshi. Ga ɗan wasa, ga shiga, ga 'yan kallo a ƙofar gida. Me ya rage? A wasan gauta kuwa, matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, har a gabansa.

Abin da boko ya ƙaro shi ne rubuta wasan, da rarraba shi fitowa-fitowa, da dandamali mai labule.