Baba Saje ya tafi, bashinsa yana wuyanmu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Baba Saje rasuwa a makon jiya, a gidansa da ke cikin garin Bauchi, bayan doguwar jinya. Tsohon soja ne, tsohon malamin firamare, kuma a hannunsa na fara haɗa baƙi, ni da ɗaruruwan 'yan unguwarmu. Ba zan rubuta sunansa na yanka ba, don bai taɓa son a yi shela da shi ba, iyalinsa ma haka suke. Wanda ya san shi ya gane wa nake nufi. Wanda bai san shi ba, na tabbata an yi irinsa a unguwarsu, ko a Azare ne, ko Misau, ko Gombe, ko Kaltungo.

Ta'aziyya mun yi ta a zaure. Abin da ya zaunar da ni nake wannan dogon rubutu shi ne yadda dattawan nan ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba mu biya su haƙƙinsu ba, ba mu ma zauna mun ji abin da idonsu ya gani ba.

Bai cika shekara ashirin ba yaƙin basasa ya ɓarke, a watan Yulin 1967. Ya gama firamare, ba halin wucewa gaba, sai ya bi sahun samarin da aka riƙa kwasa zuwa Defo, sansanin horar da sababbin sojoji, a Zariya. A lokacin babu zancen dogon horo. Kurtu zai yi 'yan makonni, a koya masa fareti da riƙon bindiga, a zuba shi a jirgin ƙasa sai kudu. Kafin yaƙin sojojin Najeriya kimanin 10,000 ne, amma zuwa Janairun 1970 da aka ajiye makamai sun kai wajen 250,000. 'Ya'yan wa kuke jin suka cike wannan giɓi? 'Ya'yan manoma ne da makiyaya da leburori, daga ƙasar Bauchi da Filato da Binuwai da Borno da sauran wurare, yaran da wasunsu ba su taɓa fita daga gundumarsu ba. Baba ya faɗa Runduna ta Ɗaya, wadda Kanar Muhammadu Shuwa ya jagoranta, ita ce ta kama Inugu a Oktoban 1967, ta kuma shiga Umuahia a Afrilun 1969. Ya dawo da igiya uku a damtse da tabon harsashi a cinyar hagu. Har ya koma ga Allah, da zarar hunturu ya kama sai ka ga yana ɗingishi.

Muna yara mun sha matsa masa: "Baba, mutum nawa ka harbe?" Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ku tashi ku yi alwala, lokaci ya yi." Sai da na girma na yi iyali, wata rana muna zaune a ƙofar gidansa bayan La'asar, ya ɗan buɗe mini. Ya ce, "Ɗana, ƙarar igwa na daɗe da mantawa da ita. Yaran nan ne ba sa barin idona. Mukan shiga ƙauye mu tarar da su a zaune, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ko ƙarfin kuka ba su da shi. Ka miƙa wa yaro biskit, ya kasa ɗaga hannu." Daga nan ya yi shiru, ban kuma ƙara tambaya ba. Ana ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin nan sun haura miliyan ɗaya, kuma yunwa ta fi harsashi kisa, akasari ƙananan yara.

Ranar na fahimci wata ɗabi'arsa da muka taso muna gani ba mu san tushenta ba. Kafin ya buɗe rajista da safe, sai ya bi layi yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga idonsa ya faɗa, leɓensa ya bushe, sai ya kira shi gefe a hankali, ba tare da 'yan aji sun ji ba, ya ce ya je wurin mai ƙosai da koko ta bakin makaranta ya ce Malam ne ya aiko shi. Ƙarshen wata yake biyanta daga albashinsa. Na ci ƙosan nan, kuma na san manyan ma'aikata da 'yan kasuwa a garin nan da suka ci shi.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga matasa a Facebook da TikTok suna kiran a yi ta ta ƙare, kowa ya kama gabansa ko da jini zai malala. Masu wannan magana jiyau ne. Ganau ɗin da na sani bai taɓa yarda a zagi Ibo a gabansa ba, duk da cewa a ƙasarsu aka harbe shi. A Afrilun 1991, da rikicin garin Tafawa Balewa ya bazu har cikin Bauchi, gari ya hargitse, Baba ya kwashe maƙwabtanmu Kiristoci, wani mai sayar da kayan gyaran mota da matarsa da yaransu, ya shigar da su ɗakin uwargidansa. Ya ɗauko kujera ya dasa a bakin zaure, carbi a hannu, babu ko sanda. Samarin da suka biyo layin, rabinsu ya koyar da su. Ya riƙa kiran sunayensu da na iyayensu, yana tambayar kowa ina za shi. Haka suka sunkuyar da kai suka wuce.

Yadda aka yi soja ya zama malami ma abin a tsaya a kai ne. Bayan yaƙi gwamnati ta ga ba za ta iya riƙe wannan taron soja ba, aka shiga rage su. Ana cikin haka aka ƙirƙiro Jihar Bauchi a Fabrairun 1976, sannan a Satumbar shekarar gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, wato firamare kyauta ga kowane yaro. Yaran da suka fito sun zarce lissafin da aka yi, azuzuwa ba su isa ba, malamai ba su isa ba, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. Wasu abokansa sun kama gadi, wasu direba, wasu suka koma gona. Shi kuwa ya ajiye kaki ya shiga kwalejin horon malamai, magidanci da 'ya'ya, ya zauna benci ɗaya da yaran da ya girme wa nesa ba kusa ba, har ya samu takardar malanta mai daraja ta biyu. Shekaru ya yi ana jefa shi ƙauyuka, yana taka kekensa Raleigh, damina da rani, kafin a dawo da shi cikin gari.

Iyaye da suka ji an kawo tsohon soja sun ɗauka fatar yara ta shiga uku. Ba haka aka yi ba. Da wuya ka ga bulala a hannunsa. Horonsa shi ne ya riga kowa zuwa, riga a goge, takalmi na sheƙi, ya tsaya a bakin ƙofa. Yaron da ya makara kunyar haɗa ido da shi kaɗai ta ishe shi. Yana duba farce, yana duba wuya, yana duba littafi shafi-shafi da jan biro, kuma ba ya barin yaro ya wuce aji uku bai iya karanta Hausa ba, ko da zai tsare shi bayan tashi. A yau sai yaro ya gama aji shida bai iya rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙa ba, mu ce laifin zamani ne. Ni ban yarda ba. Laifinmu ne da muka mayar da malanta aikin wanda ya rasa abin yi. Kuma a Bauchi wannan abin kunya ne na musamman, don garin nan da alli aka san shi: Abubakar Tafawa Balewa malamin Midil ta Bauchi ne kafin ya zama Firayim Minista, Malam Aminu Kano a nan ya koyar a shekarun 1940, Malam Sa'adu Zungur kuwa ɗan garin ne, malami ɗan malamai.

Ibadarsa ba mai hayaniya ba ce. Sahun farko, bayan liman ta dama, nan ne wurinsa a Asuba, kuma in ladan bai ji daɗi ba shi ke kiran salla. Litinin da Alhamis bai sha ruwa da rana ba sai da likita ya hana shi. Abin da ya fi burge ni shi ne bai ji nauyin komawa ɗalibi ba. Yakan ce soja ya ci masa lokacin karatu, don haka yana hedimasta yake ɗaukar littafinsa bayan Magariba ya tafi zauren wani malami, ya zauna a tabarma tare da yaran da yake koyarwa da safe. Daga Ahalari ya fara, ya bi ta Iziyya har ya sauke Risala. Lokacin da rigimar Izala da Ɗariƙa ta yi zafi a shekarun 1980, har wa da ƙane suka daina gaisawa, Baba ya ƙi shiga. Duk masallacin da salla ta riske shi nan yake yi. Wasu sun ce ba shi da matsaya, amma da aka zo sulhu shi ɓangarorin biyu suka yarda ya zauna a tsakiya.

A gida kuma, duk abin da ya koyo a bariki bai yar ba. Shi ke guge kayansa da dutsen guga na gawayi, shi ke ɗinke maɓallinsa, kuma in matarsa Inna ba ta da lafiya ba ya jin kunyar hura wuta, duk da surutun da maza ke yi. Da ƙanensa ya rasu ya kwaso marayun ya haɗa da nasa, kwano ɗaya, makaranta ɗaya, har mu maƙwabta sai da muka girma muka san wane ne ɗan wane. 'Ya'yansa mata duk sun yi karatu, a lokacin da ake masa gorin zai lalatar da su. Yau ɗaya ungozoma ce a asibiti, kuma matan waɗanda suka yi gorin ita suke nema in naƙuda ta zo da gardama. Da muka shiga gaishe da Inna, abin da ta ce mana kawai shi ne, "'Ya'yana, tunda aka kawo ni gidan nan Malam bai taɓa kwana da fushina ba." Wannan shaida ta fi duk wadda za mu bayar a waje nauyi.

To, me ƙasa ta yi masa? Ya yi mata yaƙi, ya koyar mata da yara kusan shekara talatin. Da ya yi ritaya, ya sa rai da garatutinsa zai sauke farali. Aka ce ya jira. Shekara ta zagayo, aka ce ana tantancewa. Na taɓa raka shi irin wannan tantancewar: tsofaffi a layi tun sanyin safiya, wasu da sanda, wasu jikoki ne suka riƙo su, kowa da tsohon fayil a hammata, sai bayan Azahar wani yaro ya leƙo ya ce intanet ba ya aiki, a dawo gobe. Baba bai ɗaga murya ba. Ya nemi ruwa ya yi alwala, ya ja sauran tsofaffin salla a gindin bishiya. Sanda kuɗin suka fito, a gutsure, darajar naira ta riga ta zube, kujerar Makka ta yi tsadar da ba za su kai ba, ƙafar ma ta ƙi. Bai je Hajji ba har ya rasu. Na san Allah yana duba niyya, kuma ina kyautata zaton an rubuta masa. Amma waɗanda suka danne haƙƙin dattijo har ƙarfinsa ya ƙare, su ma akwai ranar da za a tambaye su.

Kowace 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya. A yi fareti, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, manya su maƙala bajo a ƙirji. Ranar 5 ga Oktoba kuma a yi bikin malamai, a karanta jawabi. A 2022 an sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 yana aiki. Ban raina ko ɗaya ba. Amma ƙarin shekarun aiki ba ya amfanar wanda zai fita ya tarar babu abin da aka tanadar masa. Girmamawar da dattijo ke bukata ita ce fanshonsa ya shigo a kan kari, garatutinsa ya fito yana da sauran ƙarfin mora, a kuma je gida a tantance wanda ba ya iya tashi. Ba abu ne da ya gagari gwamnati ba, kuma ya kamata mu riƙa tambayar duk mai neman ƙuri'armu wannan, ido da ido.

Akwai kuma namu kason. Wanda ya shiga yaƙin nan yana ɗan sha takwas, yau ya doshi tamanin. Saura kaɗan ne. In akwai ɗaya a gidanku ko a layinku, ku je da goro ku zauna, ku roƙi izininsa ku kunna waya ku naɗi muryarsa. In ya ƙi zancen yaƙi kada ku takura masa, ku tambaye shi yadda garin yake a da, wa ya koyar da shi, yaya aka yi ya yi aure. Malaman jami'o'inmu na Bauchi da Gombe su tura ɗaliban tarihi su yi wannan aiki tun ana samun masu ba da labarin.

Mu tsofaffin ɗalibansa mun zauna bayan addu'ar uku mun yanke abu biyu. Na farko, za mu ci gaba da karin kumallon yaran da ke zuwa makarantar ba su karya ba, kuma mun riga mun yi magana da hedimasta na yanzu da wata mai ƙosai. Na biyu, za mu haɗa kuɗi a yi masa Hajji, ɗaya daga cikinmu da ya riga ya sauke farali ya ce zai tsaya. Duk wanda ya yi karatu a hannunsa kuma yake son sa hannu, ya turo mini saƙo ta akwati. Iyalinsa kuma sun ce in sanar, wanda yake bin Baba bashi, komai ƙanƙantarsa, ya zo gida ya samu babban ɗansa.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya yafe masa kurakuransa, ya ba Inna da 'ya'ya da jikoki haƙuri.