Garin da bai kai unguwa ba, amma yana da gasar da ba ta fashi

Abin da ya tayar min da wannan magana takarda ce da aka liƙa a ƙofar wani zauren wasa a Kaunas, birni na biyu a ƙasar Lituweniya. Jadawalin gasar ƙwallon kwando ta maza ne, rukuni na biyu, wadda suke kira NKL. Tun kakar wasa ba ta fara ba an rubuta wa zai kara da wa, a wane gari, wace rana. Rukuni na biyu fa, ba babbar gasa ba. Duk wanda ya taɓa zaman jiran ranar da za a buɗe gasa a gida ya san inda abin ya sosa mini.

Mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su cika miliyan uku ba, faɗinta kuma bai kai na jihar Borno ba. Amma sun ci kofin Turai a 1937 da 1939 da 2003, sun ɗauki tagulla a Olamfik sau uku a jere, 1992 da 1996 da 2000. Kowa yakan danganta wannan da shahararren ɗan wasansu Arvydas Sabonis da ƙungiyar Žalgiris ta Kaunas, wadda ta ci kofin Tarayyar Sobiyet shekara uku a jere daga 1985, ta kuma ci kofin zakarun Turai a 1999. Ni a ganina sirrin yana ƙasa da nan.

Bayan sun ɓalle daga Sobiyet a 1990, sai suka tarar ba su da gasar kansu mai ƙarfi. A 1993 Šarūnas Marčiulionis, wanda a lokacin yake buga wasa a NBA, babbar gasar Amurka, ya jagoranci kafa babbar gasa, LKL. Ƙungiyoyin da ba su samu shiga ba aka tara su a wata gasa mai suna LKAL, ita ta riƙe matakin na biyu har 2005, lokacin da NKL ta gaje ta. Ƙarƙashinta akwai RKL, ta yankuna. Tsani ne mai hawa uku, kuma kowane hawa yana taka wanda ke ƙasa da shi.

Ƙungiyoyin NKL iri biyu ne. Akwai na ƙananan garuruwa, waɗanda ƙaramar hukuma ke ba zaure da wani kaso na kuɗi, kamfanin garin ya cika sauran, a maƙala sunansa a jikin na ƙungiyar. Shi ya sa aka samu sunaye irin su Sūduva-Mantinga a Marijampolė, Mantinga kamfanin burodi ne, ko Pieno žvaigždės a Pasvalys, sunan kamfanin madara. Sai kuma ƙannen manyan ƙungiyoyi, irin su Žalgiris-2, inda ake zuba yara 'yan shekara sha bakwai, sha takwas. Waɗannan ko sun ci kofi ba sa hawa, tunda yayarsu na sama. Aikinsu ɗaya ne, yaro ya sha gwiwar hannu daga magidanci mai shekara talatin da ya san duk wata dabara ta ƙarƙashin kwando. Akwai ma lasisi mai fuska biyu, yaro ya zauna a benci a babbar gasa yau, gobe ya buga minti talatin a ta biyu.

Kaka tana farawa da shigowar sanyi wajen Oktoba, ta kai bazara, gida da waje, sannan a shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Zauren yawanci ƙarami ne, wani ma a jikin makarantar wasanni ta garin yake. Daɓen katako, mita 28 a tsawo, 15 a faɗi, kwando a mita 3.05, agogon daƙiƙa 24 a saman kowane allo, kuma yana aiki. A teburin gefe ga mai rubuta maki, ga mai riƙe da lokaci, ga mai shigar da ƙididdiga a kwamfuta, kafin 'yan wasa su gama wanka alƙaluman kowa suna intanet. A waje dusar ƙanƙara, duhu ya rufa tun la'asar, a ciki tsofaffi sun rataye manyan riguna, samari na dukan ganga ɗaya tilo a bayan kwando. Ba wani armashi irin namu, wallahi wani lokacin kamar zaman makoki, sai an jefa ta maki uku su farka.

To me wannan ya haifar? Prienai gari ne da mutanensa ba su kai dubu goma ba. Ƙungiyarsu, mai suna Rūdupis a lokacin, ta ci NKL a 2009, ta hau, ta ci kofin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa a 2013 da 2014. Pasvalys ta hau a 2011, Jonava a 2021. Jonas Valančiūnas a NKL ɗin ya fara gogewa da ƙungiyar Perlas ta Vilnius yana ɗan sha shida, a 2011 ƙungiyar Toronto ta NBA ta ɗauke shi a matsayin na biyar a zaɓen sababbin 'yan wasa.

Ba wai babu matsala ba. Ratar kuɗi tsakanin hawan biyu babba ce. Mažeikiai ta hau a 2014, shekara ɗaya ta dawo. Sūduva ta ci kofin fiye da sau ɗaya ta zauna inda take, don hawa yana nufin kasafi mai nauyi da zaure mai cika sharuɗɗa. Kamfani kuma idan ya janye, sunan ƙungiya ya canza, wani lokaci ita kanta ta mutu. Amma gasar ba ta mutuwa tare da ita, a nan bambancin yake.

Mu kuwa a Najeriya kowa ya sani. Tun zaɓe biyun nan na shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa a 2017, ɗaya a Kano ɗaya a Abuja, ita kanta babbar gasar sai da ta yi ta tangal-tangal, balle rukuni na ɗaya da na biyu da akan tara a gari guda a buga cikin 'yan kwanaki a watse. Yaron da ya buga wasa biyar a mako ɗaya ya koma gida sai baɗi, yaushe zai koyi karanta wasa? Gwiwa ce ma ke fara tafiya, don jiki bai saba ba.

Sai dai idan mutanen nan suka fara yi mini kallon tausayi, raina yakan ɓaci. Daga Vilnius zuwa Klaipėda kusan kilomita 300 ne a kan titi sumul, a je a buga a kwana a gida. Kano zuwa Legas ya haura ninki uku, ga kuɗin mai, ga masauki, ga fargabar hanya. Kuma da wannan halin muka ci kofin Afirka a 2015, muka doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a 2021. Shi kansa Valančiūnas ɗin, wanda ya bayar da shi a 2019 ya karɓo Marc Gasol har Toronto ta ci kofin NBA a shekarar, shugaban ƙungiyar na lokacin ne, Masai Ujiri, tashin Zariya.

Zariyar nan ita ce ke hana ni barci. Zariya, Kano, Kaduna, Katsina, Dutse, Bauchi, Jos: duk tafiyar yini ce ko ƙasa da haka, kusan tazarar da 'yan NKL ke yi. Ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiya takwas, wasa ɗaya kowace Asabar bayan la'asar, gida da waje, wasa sha huɗu ke nan ga kowa, mako sha huɗu. Bas ɗaya mai cin mutum sha takwas ta ɗauki 'yan wasa sha biyu da koci da mai kula da rauni. Alƙalai daga garin da ke kusa, agogon daƙiƙa 24 ko da na batir ne, don kada a ce an ɗauke wuta. 'Yan kasuwar Kwari da Singa da ke raba kofi a gasar ƙwallon ƙafa ta unguwa, a cikinsu ba za a rasa takwas da za su so ganin sunan shagonsu a ƙirjin riga ba.